Jegon da Muka Yi a Abu Hail

Na ga abubuwa iri-iri a shekarun da na yi ina aikin nas a Dubai. Wasu sun bi ruwa, wasu sai an tuna mini nake tunawa. Amma jegon da muka yi wa matar wani mai bishara a ɗakina na unguwar Abu Hail, wannan kam ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zai fita daga raina.

A lokacin Juma'a ce ranar hutu a ƙasar, don haka ranar muke sujada. 'Yar ikilisiyarmu ta masu jin Hausa ba ta da ginin kanta. Ɗaki muke samu na awa biyu a harabar da aka keɓe wa majami'u, kafin fasto ya gama sa albarka 'yan wata ƙasar sun yi layi a bakin ƙofa suna duba agogo. Yawancinmu direbobi ne da masu gadi da masu aikin gida, sai teloli da mu 'yan asibiti. Duk da ƙanƙantarmu mun ɗauki nauyin wasu iyalan masu bishara, wasu a ƙauyukan gida, wasu a ƙasashen waje. Akwai wani allo da muke manna hotunansu, mu zo da shi mu koma da shi kowane mako. Ni dai abin da na sani shi ne in sa baikona, in an yi musu addu'a in ce amin. A zuciyata na ɗauka wasu irin mutane ne dabam, waɗanda ba sa gajiya kuma ba sa kewar gida kamar mu.

Cikin hotunan akwai na wasu matasa biyu. Mijin mutumin Gombe ne, matar Bahaushiya ce daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Suna aiki a wata ƙasa mai duwatsu da sanyi a Asiya, tafiyar 'yan awoyi a jirgi daga inda muke. A can ta haifi 'yarta ta fari. Ranar da aka sanar mana mun yi guɗa har masu jira a waje suka leƙo.

Bayan kamar wata guda, an tashi daga sujada ke nan, dattijon ikilisiyarmu ya ce in tsaya tunda ni ma'aikaciyar lafiya ce. Ya tara sauran dattawa da shugabar zumuntar mata, ya kunna mana saƙon murya da mijin ya aiko. Ya ce matarsa ba ta cin abinci, ba ta magana, kuma ba ta son taɓa jaririyar. Shi ke haɗa madarar gwangwani, shi ke wanki, ita kuwa sai ta wuni tana kallon bango. Uwarta ba ta da fasfo, ba ta ma taɓa wuce Funtuwa ba. Kai matar tasa gida kuma jirgi biyu ne da doguwar tafiyar mota, yana tsoron ba za ta iya ba. Bai kai ƙarshen maganar ba muryarsa ta karye.

Dattawa suka fara abin da suka saba. Wannan ya ce a ƙara abin da ake aika musu, wancan ya ce a sa azumi na kwana uku. Shugabar zumuntar mata tana zaune tana jinsu. Kowa Mama yake ce mata. Tela ce a Al Satwa, gajeriya mai jiki, da tabarau rataye a wuya da igiya, kuma ba ta iya zagaye-zagaye a magana ba. Da suka gama sai ta tambaya wa ya yi wa yarinyar wankan jego. Ashe babu wanda abin ya zo masa a rai, har da ni.

Ta ce, "Yarinya ta yi haihuwar fari a ƙasar da babu mai dama mata kunu, kuna maganar azumi. Ai ita tana azumin tun tuni. Ku kawo mini ita."

Haka aka yi. Wani ɗan'uwa da ke aiki a ofishin tafiye-tafiye ya yi ta kai da kawo har bizar ziyara ta fito, tata da ta jaririyar. Mijin zai rako su ya koma, saboda makarantar da yake koyarwa a can ita ce dalilin takardar zamansu. Saura masauki. Mama gado ɗaya gare ta a ɗakin da suke su shida a saman shago. A duk matan ikilisiya ni kaɗai ce mai ɗaki nawa ni ɗaya, wanda na samu bayan shekara huɗu ina kwana a gado mai hawa biyu ina shan munsharin mutane. Ina ji da ɗakin nan kamar me. Mama ba ta roƙe ni ba, ta dai saukar da tabarau ta dube ni. Bakina ya ce to, zuciyata tana ƙunƙuni. Na ja katifa zuwa falo bayan labule, ina ce wa kaina kwana arba'in ai ba shekara ba ce.

Da muka tarye su a filin jirgi, mijin ne rungume da jaririyar. Ita tana biye da shi, doguwa, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Ta durƙusa ta gaishe mu cikin ladabi, ta yi mana sannu da ɗawainiya. Amma idanunta kamar ba kowa a cikinsu. Mama ta kama hannunta ta ce mata kwanakin da suka wuce ba a lissafinta suke ba, arba'in ɗinta daga yau ta fara.

Kwana bai zagayo ba muka yi karo da Mama. Na shigo na tarar ta jona butar lantarki biyu, ga babbar tukunya a kan gas, ruwa yana ta ɓararraka, ga dunƙulen kanwa kamar za a yi wa gari kunu. Nan na tada jijiyar wuya. Na ce mata tun ina makarantar koyon aiki na ga masu jego da ƙafa a kumbure, zuciya ta gaji, duk saboda tafasasshen ruwa da kanwa, kuma ba za a yi wannan a ɗakina ba. Ta ce ta haifi shida, duk da ruwan zafi, ga ta nan daram. Ni kuwa bakina ba ya da linzami in raina ya ɓaci, na ce mata waɗanda abin ya kashe ai ba za su zo su ba da shaida ba.

Na yi zaton za ta ɗauki jakarta. Amma sai ta ce to, ni zan riƙa sa gwiwar hannu a ruwan, zafin da na yarda da shi da shi za a yi. Kanwa ma ni zan auna, in kuma kai yarinyar wurin likita. Amma hannun da zai yi wankan nata ne. Tun daga ranar na fara ganin girman matar nan, don ban cika ganin babba ya sauko wa yaro ba a kan abin da ya gada. Na kai mai jego wurin likita. Ta ce ciwo ne sananne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, ba rashin bangaskiya ba ne, ta ba da magani, ta kuma ja mana kunne kada a bar ta ita kaɗai.

Kayan jego kuwa sai da muka haɗa da maƙwabta. Akwai wani Alhaji Bakano mai harkar jigilar kaya a Al Warsan, wanda Mama ke yi wa iyalinsa ɗinki. Da ya ji mai jego ce, sai ga gero da daddawa da yaji da ƙafafun sa na ƙauri an sauke mana a ƙofa. Mama ta kira ta yi masa bayani cewa matar mai bishara ce fa, kada ya ce ba a gaya masa ba. Ya ce, "Haba Mama, mai jego ai ta kowa ce. Khalas, magana ta ƙare, a gaishe ta." Ganyen darbejiya kuma a gidan wata tsohuwar Balarabiya da ke bayan bene muka samu. Mama ta je ta yi mata bayani da Larabcinta na shago da nuni da hannu, tsohuwar ta gane sarai, har ta ƙara mana da dabino.

Sai dai a makon farko mun tafka kuskure, kuma da kyakkyawar niyya muka tafka shi. Mutanenmu ba su taɓa ganin mai bishara daga ƙasar waje ido da ido ba, sai a hoto. Duk wanda ya samu hutu sai ya nufo Abu Hail. Su shigo su durƙusa, wannan ya ce jarumar Ubangiji, wancan ya ce uwarmu a cikin aiki, alhali wasunsu sun isa su haife ta. Mai neman a sabunta masa kwangila ya ce ta yi masa addu'a. Wani har da fasfo ɗinsa ya zo ta ɗora hannu. Wata ta tambaye ta mutum nawa suka tuba ta dalilinsu. Ita kuma sai ta gyara ɗankwali, ta miƙe zaune, ta yi musu addu'ar da siririyar murya. In sun tafi ta juya wa bango fuska, kunu ya huce a kofi. Ni ma ban tsira ba, don ni ce mai buɗe ƙofa ina washe baki, ina alfaharin cewa a ɗakina baiwar Allah ta sauka. Ni da nake taƙama da ilimin asibiti, ban ga abin da ke gaban hancina ba. Ƙarshenta dattijo ya aiko cewa ranar Juma'a mai zuwa za a ba ta minti goma ta ba da shaida.

Ranar Alhamis na dawo daga aikin safe wajen ƙarfe uku. 'Yar'uwar da ke zaune da ita ta sauka sayen burodi. Tun daga matakala nake jin kukan jaririya. Na buɗe ƙofa na ga mai jego zaune a ƙasa kusa da takalma, ta sa mayafi, jakarta a ɗaure a gefe. Jaririyar tana can kan gado tana ta tsala ihu. Na tambaye ta ina zuwa. Ta ce ba ta sani ba. Sannan ta dube ni ta ce, "Anti, ni ba abin da kuke zato ba ce. Cin amanarku nake yi, ina cin abincinku. Ku riƙe yarinyar, kun fi ni dacewa da ita."

Na sha ganin mutuwa a wurin aiki, amma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na kulle ƙofa, na sa makullin a aljihu, na ɗauki jaririyar da hannu ɗaya, na kira Mama da ɗayan. Ta baro ɗinki a kan keke ta shigo tasi. Ba ta yi wa yarinyar wa'azi ba. Ta zare mata mayafin, ta kwance jakar ta mayar da kayan cikin kwaba ɗaya bayan ɗaya, ta ce a ɗumama kunu. Na kira likitan na gaya mata, ta ce in kawo ta washegari da yamma, kuma ko minti ɗaya kada a sake barinta.

Ranar Juma'a, lokacin sanarwa, Mama ta miƙe ba tare da an kira ta ba. Ta ce babu shaidar da za a bayar. Ta ce, "Daga yau babu mai bishara a gidan nan na Abu Hail. Yarinya ce mai jego. Mai zuwa ya zo da tsintsiya ko tukunya. Mai neman addu'a kuma ga fasto nan, aikinsa ke nan."

Na san majami'un da irin wannan magana za ta raba su biyu. Amma dattijonmu, mutum mai furfura da ake shakka, ya tashi ya ce Mama ta yi gaskiya, shi ne ya fara yin kuskuren, a yafe masa. Kuma abin da ya fi burge ni shi ne mutane sun ji. Mata suka zauna suka jera ranakun hutunsu, ta yadda kullum akwai mutum biyu a gidan. Matar da ke goge gidan wasu kwana shida a mako, ranar hutunta ɗaya tak sai ta zo ta wanke kayan jaririya. Maza su kawo ruwan sha da tukunyar gas su ajiye a ƙofa, su ce a gaida ƙanwa, su juya. Mai fasfo ɗin nan ma ya dawo, wannan karon da kifi. Mama kuwa kullum da sassafe, kafin ta buɗe shago, tana nan da ganyenta. Ta daina lallaɓa mai jego, ta koma yi mata faɗa irin na uwa: tashi ki sha kunu, zauna daidai, wa ya ce ki taka tayil ba takalmi.

Wata safiya, wajen mako na uku, ina tsaye a ƙofar banɗaki da jaririya a kafaɗa bayan na gwada ruwa. Banɗakin ƙarami ne, da kyar yake ɗaukarsu su biyu da baho. Ina jin ƙarar ganye a jiki, Mama tana ba ta labarin haihuwarta ta fari kamar mai hira da kanta. Ta ce sai da ta yi wata biyu tana kallon ɗanta kamar ɗan maƙwabta, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Sai na ji kuka ya ɓarke, irin wanda aka daɗe ana dannewa. Yarinyar ta ce ta tsani duwatsun can, ta tsani sanyin, ta gaji da murmushi ga mutanen da ba ta jin yarensu. Ta ce har addu'a ta taɓa yi aikin ya lalace don su koma gida, kuma tana ganin shi ya sa Allah ya cire mata son 'yarta. Na tsaya ina jiran abin da shugabar zumuntar mata za ta ce.

Mama ta ce, "To, sai me? Juya in wanke bayan."

Sai da ta gama, tana shafa mata mai, sannan ta ƙara da cewa Allah ba ya ramuwa a kan mai jego, kuma ko ta koma can ko ba ta koma ba, ita 'yarsu ce. A ranar ta sa dattijo ya kira mijin ya gaya masa haka, cewa ikilisiya ba za ta janye hannu ba ko da sun ce sun fasa.

Kada in yi muku ƙarya, ba a ranar ta warke ba. Abin ya zo ne kaɗan-kaɗan, ga magani ga mutane. Ta fara cinye abin da aka zuba mata. Wata rana ta ce ƙaurin bai ji yaji ba. Wata rana kuma ta yi dariya da ta ji Mama tana ciniki a waya da Larabci. Amma jaririyar dai sai in an ɗora mata a cinya, ta riƙe ta kamar ajiyar wani, da an miƙa hannu ta bayar. Wannan ne ya tsaya mana a rai, don kwanakin bizar suna ta tafiya.

Ana saura kwana shida arba'in ta cika, ranar hutuna ce, da la'asar. Ina tuƙa tuwo a kicin, jaririyar ta ƙi kwanciya, sai na ɗauke ta na goya da tawul. A lokacin ban yi aure ba. Allura ko ido rufe zan yi ta, amma goyo ban iya ba. Kan jaririyar ya langaɓe gefe guda, ƙafa ɗaya ta zame, ni kuma ina ta fama da muciya. Mama tana zaune a falo tana sa maɓalli a wata riga. Mai jego tana kan tabarma, daga inda take tana hango ni. Ban ji tasowarta ba, sai muryarta na ji a bayana.

Ta ce, "Anti, za ki karya mata wuya. Ba ni 'yata."

Ta kwance tawul ɗin da kanta. Ta sunkuya, ta ɗora ta a baya, ta ja zaninta ta ɗaure tamau, ta gyara mata kai da tafin hannu kamar wadda ta shekara tana yi. Jaririyar ta lafe. Uwar ta shiga zagaya falon da ita a hankali tana jijjigawa, tana yi mata 'yar waƙar reno ta ƙauyensu. Na buɗe baki zan yi magana, Mama ta harare ni ta saman tabarau, na haɗiye. Ta ci gaba da sa maɓallinta kamar ba abin da ya faru, hawaye yana ɗiga a kan rigar mutane. Ni kuma na koma kan tukunya ina kuka, tuwon ranar da gudaji muka ci shi.

Da arba'in ta cika mijin ya zo. Suka zauna da dattawa, suka yanke shawarar komawa gida Nijeriya. Ba su sake komawa ƙasar duwatsun ba. Bayan sun huta suka karɓi aiki a wani ƙauye da bai yi nisa da uwarta ba, ikilisiyarmu kuma ta ci gaba da riƙe su kamar da. Ban taɓa jin wani ya ce sun gaza ba. Na koma ɗakina, ƙamshin darbejiya da yaji ya yi makonni bai fita ba, kuma abin mamaki sai ɗakin ya yi mini faɗi.

Abin da na koya shi ne, yabo ma hanya ce ta barin mutum shi kaɗai. In ka ɗaga shi sama ka ce jarumi ne, ka hana shi cewa wayyo. Mu da muke ganin muna tallafa wa masu bishara, saura kaɗan mu hallaka ɗaya da girmamawa, har sai da wata tela ta tuna mana cewa waɗanda muke aikawa 'ya'yan mutane ne. Tun daga lokacin, duk wanda na ga ana yi wa kirari a kan aikin Allah, nakan jira a watse, in matsa kusa in tambaye shi ko ya ci abinci.